Aska Takwas a Ƙirjin Mumini

Ranar hawan Sallah a Daura, ko ranar hawan Gani, idan hakimai suka taso daga Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa suka nufo ƙofar fada don yin jahi, bayan rawani ba abin da ido ke fara kamawa sai ƙirji. Babbar riga faɗinta ya wuce hannu biyu a miƙe, amma yawancin yadin haka yake zube ba komai a kansa, sai wuri guda da aka tara aiki: bisa babban aljihun da ke ɓangaren hagu, daga nan ya hau kafaɗa, ya zagaya wuya, ya gangara baya. Ga asake dogaye masu tsini suna kallon ƙasa, biyu ko takwas ko tara, ga tambari a dama, ga wani a gadon baya, ga kuma ƙananan idanu sun cika tsakani, waɗanda kowane ɗaya sai da aka huda yadin aka bi bakin hudar da zare har ya zagayo. Rigar da aka yi wa irin wannan ɗinki da hannu takan ci watanni a cinyar mai aiki. Tambayar da ke biye da ita tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma har yau takan taso a wurin wa'azi da zauren karatu: shin ya dace mutumin da ya san likkafani ne tufarsa ta ƙarshe ya ɗora wannan ƙawa a ƙirjinsa? Akwai masu ganin wannan ado ragowar girman kan sarakunan da ne, wanda ya kamata mai tsoron Allah ya nisanta. Ina ganin sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Adon ƙirji magana ce da mutum ke faɗa wa jama'a game da kansa ba tare da ya buɗe baki ba, don haka hukuncinsa hukuncin magana ne, ya danganta da ko gaskiya aka faɗa ko ƙarya.

Nassi ya kamata a fara dubawa, domin a nan masu ƙyamar ado suka fi rauni. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31 da ta 32, an umarci 'yan Adam da su yi ado idan za su masallaci, an hana ɓarna, sannan aka ƙalubalanci duk wanda ya haramta ƙawar da Allah ya fitar wa bayinsa. A hadisin Ibnu Mas'ud da Muslim ya ruwaito, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsoratar game da girman kai ko da ƙanƙani ne, wani mutum ya kawo damuwarsa cewa mutum yakan so rigarsa da takalminsa su yi kyau. Ba a ce masa ya daina ba. An nuna masa cewa Allah yana son kyau, sannan aka fassara masa girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. Iyakar da shari'a ta gindaya wa namiji a kan abin da aka yi tufar da shi take, wato alharini da zinariya, kuma ko a alharinin akwai rangwame, domin Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa an yarda da faɗin yatsa biyu ko uku ko huɗu. Hujjar da ta fi kusa da maganarmu ita ce ta Asma'u 'yar Abubakar, wadda ta fito da wata jubba ta Annabi da ta kasance a wurin Nana A'isha, aka ga an yi mata ƙyallen dibaji, wato wani nau'in alharini, a wajen wuya da ƙirji, an kuma bi bakunanta da shi. Wato dai adon ƙirji a rigar namiji ba baƙon abu ba ne a Madina. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin zaure a ƙasar nan ya karanta, ta kawo saɓanin malamai a kan adon alharini a jikin tufa, ta keɓe siririn layi daga saɓanin. Duk inda aka juya, gardamar a kan zare take. Ba a sa wa allura iyaka ba.

Malaman da suka yi wa sarakunan Hausa nasiha ma ba su tsaya a halatta ado ba, sun mai da kyautata shiga wani ɓangare na aikin mulki. Shehu Magili, a littafin da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya ware babi guda a kan kyan shigar sarki da kwarjininsa, ya ce ya yi ado da abin da aka halatta wa maza, ya guji zinariya da azurfa da alharini, kada kuma ya yi kama da mata. Kafinsa, Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya yi bayanin cewa a zamanin sahabbai addini ke sa a girmama shugaba, amma da zamani ya juya mutane suka koma girmama abin da ido ya gani, sai kyautata surar shugabanni da alƙalai ta zama abin so don kada hukunci ya wulaƙanta. Ya kafa hujja da labarin Umar da ya je Sham ya tarar da Mu'awiya cikin ƙasaita, da ya tuhume shi sai ya kawo uzurin cewa ƙasar da yake riƙe tana buƙatar haka, Umar kuwa ya bar shi bai umarce shi ba bai hana shi ba. A lura da wannan shirun na Umar. Shi kansa rigarsa mai faci ce, amma bai mai da facin nasa doka a kan kowa ba.

Suka mafi ƙarfi daga tarihin ƙasar nan take fitowa, kuma Daura na tsakiyarta. Mai suka zai ce, ai jihadin da aka fara a 1804 a kan irin wannan ƙawa aka yi shi. Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ya lissafa sa tufar da aka ga dama, halal ko haram, cikin ɗabi'un mulkin da aka yaƙa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar runduna a 1807 ya nufi gabas don baƙin cikin yadda jama'a suka karkata ga dukiya da muƙami, kuma a Tazyinul Waraƙati manyan riguna da dawakan ƙawa suna cikin abin da ya koka a kai. A Daura kuma, a 1805 Malam Isiyaku ya karɓe birni, Sarkin Gwari Abdu, wanda ke sarautar Daura a lokacin, ya fita. To, wannan duk gaskiya ne, sai dai a duba abin da ke gefen rigar a cikin waccan tuhuma. Kitabul Farƙi bai ambaci tufa ita kaɗai ba, ya jera ta ne tare da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da harajin da shari'a ba ta sani ba, da ƙwace a kasuwa, da cin dukiyar mamaci. Rigar da aka zarga ita ce wadda aka ɗinka da waɗannan. Haka shi ma Malam Abdullahi, abin da ya ƙona masa rai shi ne mutanen da suka fito don tsayar da adalci suka ɓuge da tara riguna, wato tufar ta zama shaidar karya alkawari. Shehu Usmanu da kansa, a rubuce-rubucensa na baya irin su Najmul Ikhwan, ya sassauta a kan shigar shugabanni, yana bin sawun Ƙarafi, ko da yake ƙanin nasa bai gamsu da duk sassaucin ba. Saɓanin nasu na malamai ne a kan iyaka, kuma babu ɗayansu da ya ce riga mai aiki kafirci ce.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da haka. A ƙarƙashin daular Usmaniyya ne sana'ar riga mai aiki ta bunƙasa ƙwarai, daga Kano da Zariya har Bida da Ilorin, ta zama kyautar da sarki ke ba wanda ya naɗa da wanda ya yi bajinta. Masu zana asake da tambari a kan yadi kafin a bi da allura galibi malamai ne da almajirai, hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo, kuma ɗinki na cikin sana'o'in da mai karatu ke ci da kansa da su ba tare da ya yi roƙo ba. A ƙasar Daura ƙarni na 19 ya wuce da fada uku, ta Fulani a birni, sai na zuriyar tsoffin sarakuna a Zango da Baure. A 1906 Turawa suka mai da sarautar birni ga tsohon gida ta hannun Malam Musa, daga shi sai Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Umar Faruk Umar. Gida ya sauya, tuta ta sauya, amma rigar ba ta bi ɓangare ba. Da a ce adon ƙirji alamar Haɓe ce kawai, da ya fita tare da Sarkin Gwari Abdu. Da kuma alamar masu jihadi ce, da an tuɓe shi a 1906.

Akwai wurin da dole a ba mai suka gaskiyarsa. Da yawa daga tsoffin rigunan nan da alharini aka yi musu aiki. Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin alharinin da fatake ke ketowa da shi hamada daga Tarabulus, wanda ake ƙawata riguna da shi, ga kuma zaren tsamiya na gida da ake samu daga saƙar tsutsa. Aikin da ya rufe aljihu ya haura kafaɗa ya wuce yatsa huɗu nesa ba kusa ba, kuma yawan masu sa shi, ko girman rawaninsu, ba ya mai da shi halal a wurin malamin da ya hana. Ban ga amfanin yi wa magabata kwaskwarima a nan ba. Sai dai wannan suka ce da zaren auduga ke kashewa nan take, kuma yawancin aikin da ake yi wa shadda a yau ba da alharini na gaske ake yi ba. Haka batun masu cewa wasu zane-zanen, kamar gidan biyar, suna da dangantaka da hatimi da neman tsari. Masu bincike sun yi wannan magana, kuma wanda ya sa riga yana ƙudurta cewa zanen ne zai kare shi daga ƙarfe ko baki, matsalarsa ta aƙida ce, a can za a yi masa gyara. Mai sayen riga a kasuwar Daura yau kyan ɗinki yake dubawa.

Kwatanci da ƙasar Turai yana fito da abin fili. Daga ƙarni na 16 zuwa na 18 matan manyan gidaje a Ingila da Faransa da Sifaniya suna sa doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba, sai a rufe buɗin da wani ƙyalle mai kusurwa uku, faɗinsa a sama, tsininsa ya sauka ƙasan cibiya. Akan ƙarfafa shi ya yi tauri, a maƙala shi da allurai ko a ɗaure da igiya, a cire shi a mai da kan wata riga idan an so. A kansa ake zuba gwaninta da dukiya, ɗinkin zaren zinariya da azurfa, lu'ulu'u, wani lokaci daimon jere daga sama har ƙasa. Madam Pompadour ta fadar Sarki Luwis na 15 ta shahara da jera ƙullin ribon a kai, manya a sama suna raguwa zuwa ƙasa. Maza ma a farkon zamanin sun sa irinsa a ƙarƙashin buɗaɗɗiyar taguwa. Su ma sun yi gardama a kan wannan ƙawa, amma dokar da suka kafa wata tambaya take yi daban. Shelar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta yi a 1574 ta bi mutane daraja daraja, ta faɗi wanda ya isa ya sa zaren zinariya, da wanda ya isa ya sa karan-miski, da wanda bai isa ba. Abin da ake tsoro shi ne ɗan kasuwa ya yi shigar basarake a kasa bambance su. Shari'a kuwa ba ta tambayi ɗan wane ne kai ba. Alharinin da aka hana manomi a Sandamu shi aka hana Rumfa a fadarsa, audugar da aka halatta wa sarki ita aka halatta wa maƙeri. Gaskiya ne al'ada ta keɓe wasu abubuwa, kamar alkyabba da rawani mai kunne biyu, amma waɗannan alamun muƙami ne, wanda ya sa su ba izini fada ce za ta tuhume shi, ba a ce ya taɓa haram don yadin ba. Dokokin na Ingila ba su yi ƙarko ba, an soke su a 1604.

Abin da ya faru a Turai daga baya shi ne amsar masu cewa barin ado gaba ɗaya ya fi zama lafiya. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789 marufin ƙirjin mata ya fita daga yayi, mazan manyan gidaje kuma suka watsar da ɗinkin zinariya da launuka suka koma baƙar kwat da farar taguwa, shigar da ta bi mulkin mallaka har ta iso ofisoshinmu. Girman kai bai bi adon ya tafi ba. Ƙarnin da attajiran Turai suka fi sa baƙaƙen kaya marasa ado shi ne ƙarnin da suka raba ƙasashen mutane a kan tebur, suka sa yara aiki a masaƙu. Fifikon ya koma cikin yankan kwat da sunan tela, inda sai ɗan gida ke iya ganewa, talaka ma bai san da me aka fi shi ba. Malaman Musulunci sun riga sun hango wannan. Da suke sharhin hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Maja suka ruwaito a kan tufar neman suna, sun ce ta haɗa da mai tsananin tsada da mai tsananin ƙasƙanci, domin wanda ya sa tsumma don a ce masa waliyyi shi ma suna yake nema. Farar jallabiya mara ɗinki tana iya ɗaukar raina mutane daidai da malum-malum, wani lokaci ma fiye, tun da mai ita yana ganin ya riga ya tsira.

To idan laifin ba a allura yake ba, kuma rashin ado ba ya wanke kowa, ina ma'aunin? Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya kamanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya guda biyu. A nan ne maganar take. Idan aka naɗa mutum a ƙofar fadar Daura, aka sa masa riga aka ɗora alkyabba, ƙirjin nan mai aiki yana sanar da duk wanda ke filin cewa ga wanda za a kawo wa kuka, ga wanda zai shiga tsakanin manomi da makiyayi idan shanu sun shiga gero, ga wanda ƙofarsa ba ta rufuwa da azahar. Rigar ango tana cewa ya ɗauki nauyin gida. Ta attajiri tana cewa Allah ya ba shi, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa Allah yana son a ga alamar ni'imarsa a kan bawansa, amma duk wanda ya bari aka ga ni'ima a jikinsa ya buɗe wa mabuƙaci hanyar tambaya. Rigar takan zama ƙarya idan mai sarautar sunan kawai yake so, bai san hanyar ƙauyukan da aka ba shi ba, ko idan kuɗin rijiya da na asibiti ne suka koma asake, ko idan bashi aka ci don a yi fitar biki alhali babu hatsi a rumbu. Wani zai ce wannan ma'auni ya koma zuciya, zuciya kuwa Allah kaɗai ya san ta, don haka ba a ce komai ba. Ba haka ba ne. Hadisin da ya fassara girman kai da ayyuka biyu ya fassara shi, kuma dukansu ana ganinsu da ido. Ana gane mai ƙin gaskiya ranar da aka gaya masa ya yi kuskure, ana gane mai raina mutane daga yadda yake amsa gaisuwar mai tallan goro. Mutanen gari ba sa buƙatar wahayi kafin su san wane hakimi ne rigarsa ta yi masa yawa.

Sauran suka guda, ita ce ta almubazzaranci, kuma ita ma tana da wuyar turewa. Masarautar Daura ƙasar gero da dawa da wake ce a bakin iyakar Nijar, damina gajera, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri gidaje da yawa sukan auna abinci kafin kaka ta zagayo. A irin wannan wuri kuɗin riga guda mai aikin hannu zai iya ciyar da gida na tsawon lokaci, kuma ayar da ta ce a yi ado ita ce ta ce kada a yi ɓarna. Ba na jin akwai lissafin da zai raba ado da ɓarna a kan kowa da kowa, domin abin da ya zama ɓarna ga malamin firamare ba lalle ya zama ɓarna ga mai fataucin shanu a Mai'aduwa ba. Amma akwai bambanci na gaske tsakanin wannan ado da na daimon. Dutse mai daraja dukiya ce da aka daskarar, ana cire ta daga riga a mayar akwati, ta taso daga hannun kaka har hannun jika ba ta ciyar da kowa ba. Tsadar aska takwas kuwa kusan duk ladan hannu ce. Kuɗin yana bi ta wurin mai zane, da mai ɗinki, da mai haɗa riga, da mabugi, a da har da masaƙi da marini da matar da ta kaɗa zaren. A birnin Zariya, inda sana'ar ta yi ƙarfi, mata da yawa sun shige ta a 'yan shekarun baya suna ɗinki a cikin gidajensu, suna samun na cefane da na kayan ɗakin 'ya'ya.

Sai dai wannan kariya tana tsayawa ne kawai idan kuɗin ya isa hannun da ya yi aikin, kuma a nan ne ake yawan faɗuwa. Keken aiki da injin kwamfuta sun karya farashi, suna gama cikin kwana ɗaya abin da hannu ke yi a watanni, sai mai saye ya riƙa taya aikin hannu da kuɗin na inji. Tsakanin mai ɗinki da mai sawa akwai dillali, wani lokaci biyu, kuma kaso mafi ƙanƙanta yakan faɗa wa wanda ya zauna a zaure ya duƙa a kan yadi har idonsa ya fara gaza zura zare. Ga kuma ɗabi'ar karɓar riga ana gobe Sallah a ce a dawo bayan hawa, bayan hawan kuma a shiga ba da haƙuri. Ibnu Maja ya ruwaito umarnin a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, Buhari kuma ya kawo wanda ya ci ladan ma'aikaci cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Wa'azin da ake yi a kan babbar riga yakan tsaya a faɗin aikin da tsawon asake, da wuya a ji an tambayi mai ita ko ya gama biyan wanda ya ɗinka.